Kuɗin gas ɗin ɗumama gida ya fi ƙarfinmu a hunturun bana, ku ba ni shawara

Maman Fadila: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah waɗanda ke zaune a jihohin sanyi na Amurka ko Turai ku taimaka min da shawara. Mu muna wani ƙaramin gari ne a yammacin Minnesota, maigidan yana aiki a kamfanin yanka talotalo, gidan da muke haya irin gidan tirela ɗin nan ne kuma bututun gas na gari bai iso unguwarmu ba, to da gas ɗin furofen na silinda muke ɗumama gida, da shi muke girki da shi muke ruwan zafi. Silinda biyu gare mu masu fam 100, kamar kilo 45 kenan kowace. Bara ana cika mana ɗaya a dala 80 da 'yan kai, bana ta haura dala 100, kuma idan sanyi ya kankama wlh ko sati ba ta yi. Yara uku gare ni ƙaramar ko yaye ta ban yi ba, ba dama in kashe in ce mu daure. Abin da ya fi damuna maƙwabciyarmu mai babban tanki a bayan gida ta gaya min abin da take biya a galan, kusan rabin namu ne. Gas ɗaya gari ɗaya. Wai haka abin yake ko'ina ko mu ne ake cuta?

Hajiya Ladi: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya kawo sauƙi, Allah ya raya zuri'a. Bari masu sani su zo.

Sadiq Zariya: Anti kiyi haƙuri amma ni gsky idan mutanen waje suna kukan tsada raina ɓaci yake. Ke dala kike samu dala kike kashewa. Mu nan tukunya mai kilo 12.5 da muke cikawa wajen dubu 4 a 2020 ita ce ta kai dubu 17 a ƙarshen 2024, albashi mafi ƙanƙanta dubu 70 ne, kenan kusan kashi ɗaya cikin huɗu na albashin mutum ya tafi a gas kaɗai bai sayi ko kwanon shinkafar da zai dafa ba. Mahaifiyata da na saya mata gas da bashi don ta huta da hayaƙi yanzu ta koma itace tana tari. Wa za mu kai wa namu kukan?

Hajiya Ladi: Haba Sadiq, baiwar Allah ta zo neman shawara da jaririya a hannu, ba gasar wahala ta zo yi ba. Taka matsalar gaskiya ce tata ma gaskiya ce.

Maman Fadila: Ƙanina ban ji haushi ba, nima tsohuwata tana Funtuwa kuma ni nake tura kuɗin gas ɗinta, na san abin da kake faɗa. Amma ka sani ku idan gas ya ƙare abinci ne ba a dafa ba, a hura gawayi a tsakar gida a wuce wajen. Mu idan ya ƙare cikin dare a Janairu sanyi yana kai digiri 25 ko 30 ƙasa da sifili, ruwan famfo ya daskare bututu ya fashe, mutum yana iya kwanciya bai tashi ba. Dala 100 ɗin nan kusan aikin yini guda ne na maigidan bayan an cire haraji, kuma 'yan kwanaki take yi.

Kawu Lawal: Maman Fadila ba ku kaɗai ba ne. Ni ina ƙauye a gabashin Ingila wajen gonakin kayan lambu, muma ɗakin karaban muke zaune da jan silinda mai kilo 47 guda biyu a jingine a waje. A nan akwai hukumar Ofgem da ke sa iyaka a farashin wutar lantarki da gas ɗin bututu, amma gas ɗin silinda da man ɗumama gida ba su cikin wannan kariyar, mai sayarwa ya faɗi abin da ya ga dama. Lokacin da komai ya tashi bayan yaƙin Rasha da Yukren, hunturun 2022 zuwa 2023, gwamnati ta ba irinmu fam 200 sau ɗaya, abin da bai wuce silinda biyu ba, daga nan shiru. Ki lura da su wa ke amfani da silinda, tsofaffi ne 'yan fansho, ma'aikatan gona, baƙi irinmu, mutanen da ba su da muryar da za ta kai majalisa.

Injiniya Ibrahim: Salam. Ina aikin gas a Fatakwal, bari in ɗan yi bayani ko zai yi amfani, ku yi haƙuri zai yi tsawo. Shi furofen ba haƙo shi ake takanas ba, yana fita ne idan ana tace ɗanyen mai ko ana tsabtace iskar gas da ta fito daga rijiya. Farashin sarinsa na Amurka a wani gari ake yanke shi, Mont Belvieu a jihar Texas kusa da Houston, inda suke adana shi a manyan ramukan gishiri a ƙarƙashin ƙasa, yankinku na tsakiya kuma akwai wata cibiyar a Conway jihar Kansas. Da can abin da Amurka ta samar kusan a gida yake tsayawa, sai da suka fara fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa suna fitar da mai da gas ya yi musu yawa suka gina tashoshin jiragen ruwa, yanzu su ne kan gaba a duniya wajen fitar da shi, sama da ganga miliyan ɗaya kowace rana, Japan da Chaina da Koriya ta Kudu da Meziko suna kwasa. Chaina ma ba girki kawai take da shi ba, masana'antun roba take ciyarwa. To kin ga ke da kike tirela a Minnesota da mai masana'anta a Chaina kasuwa ɗaya kuke ci, idan ya ƙara kuɗi jirgi ya tafi wajensa. A Oktoban 2021 galan ɗin sari ya kai kusan dala ɗaya da rabi, rabon da a ga haka tun 2014.

Amma tambayarki ta rabin farashi ba wannan ba ce amsarta. Maƙwabciyarki mota ɗaya ke zuwa ta juye mata galan 300 ko 400 a tashi ɗaya, ke silindarki galan 23 da ɗoriya take ci, kuɗin ma'aikaci da mota da inshora duk a kan wannan ɗan galan ɗin ake raba shi. Wanda ke saye kaɗan-kaɗan shi ke biyan mafi tsada, kuma wanda ba shi da kuɗin saye da yawa shi ke saye kaɗan-kaɗan.

Sadiq Zariya: To Injiniya tunda kana ciki ka amsa min wannan. Su Amurka sun ce fitarwa suke, mu fa? Ƙasar da ake ƙone gas a banza dare da rana a Neja Delta, an ce mun fi kowa arzikin gas a Afirka, Buhari ya ƙaddamar da shekaru goma na gas a 2021 aka ce kowa ya bar itace, muka bari, a shekarar kuma farashi ya ninka. Wannan ba yaudara ba ce?

Injiniya Ibrahim: Sadiq fushinka yana kan hanya amma ka raba abubuwa biyu. Mafi yawan wanda ake ƙonewa a rijiyoyi da wanda bututun AKK zai kawo daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, wannan gas ne mara nauyi na tashar lantarki da masana'antu da motocin CNG, ba ya shiga tukunyar girki. Na girki sai an gina wurin da zai ware shi, a sa a jirgi ko tanka. Shekaru da yawa babban kaso na wanda muke girki da shi daga waje ake shigo da shi da dala, har daga Amurkan ma. A 2021 abu biyu suka haɗu, farashin duniya ya tashi kuma aka fara karɓar harajin VAT na kashi 7.5 a kan wanda ake shigowa da shi. Kamfanin gas na NLNG da ke Bonny sun ce daga 2022 duk gas ɗin girkin da suke samarwa na kasuwar gida ne, amma lissafin kuɗinsa yana bin farashin duniya da canjin dala. Sai Yunin 2023 aka saki naira, dalar da take ƙasa da 500 a hukumance ta zo ta wuce 1,500 a 2024. An cire VAT ɗin daga baya, ƙaramin ministan gas Ekperikpe Ekpo ya ba da umarnin a daina fitar da wanda aka samar a gida daga Nuwamban 2024, amma faɗuwar naira ta riga ta cinye duk wani sauƙi.

Sadiq Zariya: To ai nan ne matsalar. Gas ɗin ƙasata, an haƙo a ƙasata, me ya haɗa shi da dala? Ni da naira ake biyana.

Injiniya Ibrahim: Ban ce daidai ba ne, yadda ake yi na faɗa maka. Ni kaina ina ganin wanda aka samar a gida ya kamata a sayar wa 'yan ƙasa da lissafin naira.

Baban Khalifa mai gas: Jama'a ni mai sayar da gas ne a Kano kuma kullum mu ake zagi, to yau bari in yi magana. Tankar da ke kawo mana kaya daga Legas ko Warri ko Fatakwal take tasowa, tafiyar sama da kilomita dubu da dizal, ga kuɗin hanya a kowane shinge, ga kwanakin da take yi a layi a defo. Kafin ta iso an ɗora wa kowane kilo abin da mutumin Legas ba ya biya. Ni daga filan, wato babbar tashar cika gas, nake sarowa, in biya hayar shago, in biya yaro, in sayi man janareta don famfon cikawa, ribata a kilo ba ta kai kuɗin burodi ba. Kuma idan kaya ya yi tsada mu muke fara asara don wanda yake cika 12.5 ya koma kilo 3, mai kilo 3 ya koma na dubu ɗaya, wata mata wlh da ƙaramar tukunya take zuwa kullum da yamma ta ce a zuba mata na ɗari biyar. A Oktoban 2025 bayan ƙungiyar manyan ma'aikatan mai da gas ta PENGASSAN sun yi yajin aiki kan rikicinsu da matatar Dangote kilo ya haura dubu 2 a wurare da dama, shagona a rufe ya kwana biyu don ban samu kaya ba, amma mutanen unguwa cewa suke na ɓoye.

Ummu Sultan: Malam kai ƙila kana da tsoron Allah amma ba duka ba. Akwai masu taɓa sikeli, ka biya kilo 6 ka je gida ka auna ka ga 5. Kuma idan farashi ya tashi a Legas da safe kafin azahar kun ƙara, idan ya sauka sai a yi wata guda ana cewa tsohon kaya ne.

Baban Khalifa mai gas: Hajiya ban musa ba akwai ɓata-gari. Ki riƙa duba nauyin tukunyar da aka buga a jikinta, ki sa a auna ta babu komai a gabanki, a cika a sake aunawa, wanda ya ƙi ki bar shagonsa. Maganar tsohon kaya kuwa wani lokacin gaskiya ce, idan na saro da tsada ba zan iya sayarwa ƙasa da yadda na saro ba, jarin ba nawa ba ne ni kaɗai.

Ummu Sultan: To idan ka saro da arha ya tashi fa, kana sayarwa a tsohon farashi?

Baban Khalifa mai gas: A'a, saboda da kuɗin zan koma in saro sabo a sabon farashi. In na sayar a tsohon kuɗi rabin kaya zan iya ɗaukowa.

Ummu Sultan: Kenan ta ko'ina mai saye ne ke ɗauka.

Alhaji Wisconsin: Ku dawo kan baiwar Allah da ta yi tambaya. Maman Fadila ni na daɗe a yankin nan kuma ina nan a Janairun 2014 lokacin da furofen ya yi ƙarancin da ba a manta ba. Masarar kakar 2013 ta zo da yawa kuma da danshi, manoma suka kwashe gas suna busar da ita, bututun Cochin da ke kawowa daga Kanada ya tsaya na wani lokaci, sai ga sanyi mai tsanani ya sauko. Galan a Conway ya kusa dala 5, matsakaicin farashin gidaje a ƙasar ya taɓa dala 4, kamfanoni suka koma ba kowa galan 100 ko 150 kawai, gwamnoni suka ayyana dokar ta-ɓaci. Wannan shekarar ta koya min abubuwan da zan gaya miki.

Na farko gobe-gobe ki nemi tallafin kuɗin ɗumama gida, LIHEAP ake ce masa, kuɗin gwamnatin tarayya ne amma ta ofisoshin taimakon al'umma na ƙaramar hukumarku ake cike takarda, masu haya ma suna samu, kuma suna da wani kaso na gaggawa ga wanda gas ɗinsa ya kusa ƙarewa. Da kuɗin shigar gida da yawan mutanen gida suke dubawa, mai yara uku da albashi ɗaya yana da kyakkyawar dama. Kada ki ji kunya, harajin maigidanki ne a ciki. Idan akwai damuwa game da takardun zama ki tambaye su kai tsaye ko ki tambayi lauyan shige da fice kafin ki cike.

Sannan ki sani dokar hunturu ta Minnesota da ke kare mutane daga yanke wuta ko gas daga Oktoba zuwa ƙarshen Afrilu ta masu lantarki da gas ɗin bututu ce, ba ta shafi na silinda ko tanki ba. Kada wani ya ce miki dole su kawo ko ba ku biya ba.

Babbar maganar ita ce ku bar silinda. Ku zauna da mai gidan haya ya yarda a kafa tanki, mai galan 500 ko ko da 250 ne. Kashi 80 cikin ɗari ake cikawa don a bar wa gas wurin kumbura, mai 500 yana ɗaukar 400 kenan. Kamfani zai ba ku hayar tankin amma ku karanta takardar da kyau, tankin kamfani shi kaɗai ke da ikon cika shi, ba za ku iya kiran wani mai arha ba, wasu kuma suna da ƙa'idar dole ka sha galan kaza a shekara ko su caje ka. Ku cika da bazara wajen Yuli ko Agusta lokacin da ba mai nema, ku tambayi tsarin da ake ƙulle farashi tun kafin sanyi ko wanda ake raba kuɗin wata-wata. Kuma kada ku bari allurar ta sauka ƙasa da kashi 30 ba ku kira ba, idan ya ƙare ƙaf sai sun yi gwajin yoyo kafin su kunna, shi ma kuɗi ne, kiran gaggawa da daddare wani kuɗin ne.

Maman Fadila: Alhaji Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara girma. Mun taɓa kiran wani kamfani suka ce sabon kwastoma sai ya biya cikon farko gaba ɗaya hannu da hannu, galan 400 ko a dala 2 ne dala 800 kenan ban da kuɗin kafawa, a ina za mu gan ta a dunƙule? Shi ya sa muke ta ɗaukar silinda a bayan mota muna kaiwa ana cikawa, mun san asara muke amma ɗari ɗaya muke iya fitarwa lokaci guda ba ɗari takwas ba.

Baban Khalifa mai gas: Subhanallahi, ashe har a Amurka akwai mai na ɗari biyar.

Alhaji Wisconsin: Shi ya sa na ce ki fara da tallafin, kai tsaye suke biyan kamfanin gas, zai iya rufe cikon farko ko mafi yawansa. Idan bai isa ba ku yi magana da masallacin da kuke zuwa, zakka don irin wannan aka yi ta. Ko adashe, matan garinku ba sa yi?

Maman Fadila: 'Yan Somaliya suna yi, Hausawa mu gida biyu ne kawai. Zan yi wa maƙwabciyata magana in sha Allah.

Injiniya Ibrahim: Akwai wani dalilin barin silinda da ba na kuɗi ba. Gas ɗin ruwa ne a ciki, sai ya zama tururi kafin ya fita, kuma ɗumin iskar waje yake aro ta jikin ƙarfen. Furofen yana tafasa a digiri 42 ƙasa da sifili shi ya sa ake amfani da shi a ƙasashen sanyi, namu na gida mafi yawansa biyuten ne wanda da an kai sifili ya kwanta. Amma ko furofen ɗin idan silinda ƙarama ce kuma ta yi ƙasa ga sanyi na 25 ƙasa da sifili, ba ta iya ba injin ɗumama gida abin da yake ja, za ki ga ƙanƙara ta kama jikinta wuta tana mutuwa alhali da sauran gas. Idan haka ta faru kada a kusanta mata wuta ko hita, kada kuma a shigo da ita ɗaki, ya fi iska nauyi idan ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya ya taru.

Mamane Maraɗi: Salamu alaikum. Mu nan Nijar gwamnati ce ta tsaida kuɗin gaz, buteli na kilo 6 sefa 1,800, na kilo 12.5 sefa 3,750, shekara da shekaru haka yake, tunda matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011 muke samun namu na gida. An yi haka ne don mutane su bar sare itace hamada na cin ƙasa. To in Nijar ta iya mi ya hana Najeriya da Amurka?

Sadiq Zariya: Kun ji ko! Wannan ita ce tambayar.

Hadiza Yamai: Malam Mamane ka faɗi rabi ka bar rabi. Farashin yana nan a takarda amma lokacin da gaz ya ɓace fa? Ka ɗora buteli bisa babur ka zagaye Yamai ba ka samu ba, in ka samu wajen ɗan kasuwa ya ce sai ka ƙara. Mutane sun ƙaru masu aiki da gaz sun ƙaru, matata guda ce, in ta tsaya gyara kowa ya koma gawayi.

Mamane Maraɗi: Gaskiya ne ana yin ƙaranci, amma ni na fi son in yi layi in saya da kuɗin da nake iyawa da a ce ga shi ko'ina ba ni iya saye.

Kawu Lawal: Ni ina tare da Mamane a nan. Ba sai gwamnati ta biya wa kowa ba, amma abin da rai ya dogara da shi a lokacin sanyi bai kamata a bar shi ba mai sa ido ba.

Bashir Texas: Ni shawarata daban ce, Anti ki yi lissafin lantarki. Galan ɗaya na furofen zafin da ke cikinsa kamar yunit 27 ne na wuta, tsohon injin ɗumama gidan tirela kuma kusan kashi 20 yana bin bututun hayaƙi ya fita, saura 21 ko 22. Idan kina biyan sama da dala 4 a galan, kowane yunit na zafi ya tasar miki santi 20. Ki duba takardar kuɗin wutarku, idan yunit bai kai haka ba to hita mai mai a ciki ɗin nan ta lantarki ta fi miki arha. Ki sa a ɗakin da kuke kwana ki rage injin gas ɗin.

Alhaji Wisconsin: Bashir lissafinka daidai ne amma kai a Texas kake. Bututun ruwan tirela a ƙarƙashin daɓe suke, ɗumin injin ne ke hana su daskarewa, in ta rage shi da yawa ta tsira da dala 50 ta biya mai gyaran famfo ɗaruruwa. Ga wayoyin wutar tsofaffin tirela, hita ɗaya wat 1,500 take ja, a haɗa biyu a layi ɗaya ko a sa a ekstenshin gobara ce.

Bashir Texas: Ragewa na ce ba kashewa ba Alhaji. Hita ɗaya a soket ɗin bango kai tsaye, nesa da labule da bargo. Ta kuma lulluɓe tagogi da leda ta toshe ƙasan ƙofa ta duba katangar da ta zagaye ƙasan tirelar ko akwai inda iska ke shiga.

Alhaji Wisconsin: In haka ne na yarda. Ofishin tallafin ma suna da shirin toshe gida kyauta ga wanda ya cancanta, ta tambaya.

Sadiq Zariya: Anti ki yafe min maganar farko. Amma ba ku da gawayi a can? Mu kasko muke sakawa a ɗaki lokacin hunturu ɗaki ya yi ɗumi har asuba.

Anti Binta Jos: Innalillahi, Sadiq dan girman Allah kada ka sake ba wani wannan shawarar, kai ma ka daina. Ni ma'aikaciyar jinya ce, a Jos muke inda sanyi ba wasa ba ne, kuma na ga an kawo mutanen ɗaki guda, uwa da 'ya'yanta, daga kaskon gawayi da aka kwana da shi ƙofa da taga a rufe, wasu aka samu kansu wasu ba a samu ba. Garwashi yana fitar da iskar kabon monoksayid, ba ta da wari ba ta da launi, tana kama jini fiye da iskar numfashi sau sama da 200, mai barci ba ya farkawa ya ce yana jin wani abu. Wanda ke ido biyu zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, idan mutanen ɗaki ɗaya suka ji haka tare a fita waje nan take a tafi asibiti, ba maganar mayu ko iska ba ce. Ko da garwashin ya yi ja ya daina hayaƙi gubar tana nan. Haka janareta a baranda ko kicin, haka kunna murhun gas ko oben a bar shi don ɗumi. Gidajen Amurka ma sun fi namu haɗari don a toshe suke ruf. Maman Fadila kina da na'urar da ke ƙara idan wannan iskar ta taru?

Maman Fadila: Akwai ta hayaƙi a silin, bansan ko ita ce ba. Kuma gsky ina kunna oben in buɗe ƙofarsa da asuba kafin yara su tashi.

Anti Binta Jos: Ki daina daga yau 'yar uwa, na roƙe ki. Ta hayaƙi daban ta wannan daban sai dai in an rubuta CO, wato kabon monoksayid, a jikinta, ki duba yanzu.

Alhaji Wisconsin: Dokar Minnesota ta wajabta ta a kusa da ɗakunan kwana, ki gaya wa mai gidan. In ya ja ƙafa ki saya da kanki, dala 20 zuwa 30 ce a kowane shagon kayan gini.

Sadiq Zariya: Anti Binta to mu da ba mu da wuta ba mu da kuɗin gas ya za mu yi da tsofaffi da jarirai idan jaura ta taso?

Anti Binta Jos: A hura a waje, a shigo da shi ya ɗan ɗumama ɗaki taga a buɗe mutane na zaune ido biyu, kafin a kwanta a fitar da shi gaba ɗaya. Sauran kuma bargo ne da safa da hula, jariri a jikin uwarsa, a shimfiɗa tabarma ko kwali ƙarƙashin katifa in a ƙasa ake kwana.

Maman Iman Bukuru: Ni kiwon kaji nake, 'yan tsaki sati biyun farko dole sai da ɗumi dare da rana, da gas nake musu amma bana na koma tukunyar gawayi don kuɗin gas yana cinye ribar. Shi ma buhun gawayin ya tashi tunda kowa ya koma kansa. Anti Binta yaron da ke kwana a ɗakin kajin yana kula da wutar, shi ma abin ya shafe shi?

Anti Binta Jos: Ƙwarai kuwa, har kajin ma. Ki raba masa wurin kwana, ya riƙa shiga yana dubawa yana fita, kuma ki bar sama a buɗe ko da kin rufe gefe da buhu.

Baban Khalifa mai gas: Hajiya mai kaji idan kina da masu kiwo kusa da ke ku haɗa kuɗi ku je filan kai tsaye da manyan silinda masu kilo 50, farashin sari za a ba ku ba na shago ba. Ki tambayi nawa ne mafi ƙarancin kilo da suke ba dila, ku cike shi tare.

Maman Iman Bukuru: Mu huɗu ne a layinmu, silinda ce ba mu da babba. Ana ba da haya ko dole sai mun saya?

Baban Khalifa mai gas: Wasu filan suna bayarwa in kin ajiye kuɗin jingina. In za ki sayi ta hannu ki duba shekarar da aka buga a wuyanta da gindinta ko ya yi tsatsa, ki sa ruwan sabulu a bakin bawul ki gani ko zai yi kumfa kafin ki biya.